Ranar da Na Shiga Zauren Baffa da Takalmi

Ni ne na yi kuskure, kuma na fi shekara biyu ina sane kafin bakina ya iya faɗa.

A shekarun da ake ta maganar Turawa za su tafi su bar mana ƙasa, ina ɗinki a kasuwar Karaye. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, amma da yake ina iya karanta jarida, sai rumfata ta zama majalisa. A nan na koyi raba mutane gida biyu: masu son sauyi, da 'yan mazan jiya masu riƙon abin da aka gada. Na sa kaina a gidan farko. Ni da abokaina muka yi alkawari ba za mu ƙara tuɓe takalmi mu durƙusa wa dagaci ko wani mai rawani ba.

Baffana, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni tun ina maraya, manomi ne a Kwanyawa. Ko sarautar unguwa ba shi da ita. Ran sunan jikansa na je, na tarar da zaure cike da dattawa, har da surukansa daga Rogo. Na shiga da takalmina, na miƙa masa hannu a tsaye.

Ƙafata ya duba.

"Ɗana, ƙaya ce a zauren nawa?"

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, durƙuson nan ne ya hana ƙasarmu girma. Inda aka ci gaba, ɗa da uba a tsaye suke gaisawa. Ga jiragensu, ga asibitocinsu."

"Ka je ka gani?"

"A jarida na karanta."

"Madalla. Ni dai a sanina, ƙasa mai girma ita ce wadda in rumbun mutum ya ƙone, iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ce, "Irinku 'yan mazan jiya ne ke ɗaure wa azzalumai gindi. Kun saba da bauta."

Wani tsoho cikin surukan ya ce, "Kai tela, shekarar da dagaci ya ce kowa ya bar gonarsa ya nome masa gandu, kana ina? Wannan da ka kira bawa ya je, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce ba zai nome ba. Wuni ya yi a ɗaure cikin rana. Kai wa ka taɓa ce wa a'a, ban da wanda ya ciyar da kai?"

Na fita ko abincin suna ban ci ba.

Baffa bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. "Ɗana" kawai ya janye. In mun haɗu ran kasuwa sai ya ce, "Sannu da aiki, malam tela," ya wuce. Da damina ta zo ya kira gayya, aka gaya wa kowa ban da ni.

Abin haushi, a rumfata jarumi na zama. Abokaina suna ba da labarin yadda na tsaya wa tsofaffi, ni kuma ina taka keke ina karɓar yabo. Muka ci gaba da musun nan kullum, waye ɗan sauyi, waye ɗan mazan jiya, ni kuwa na rasa gidan da zan sa Baffa. Har gobe ina ganin akwai abubuwa da yawa da ya kamata su sauya. Amma dagacin da muka yi alkawarin don shi, ban taɓa gwada masa ba. A kan wanda na san ba zai ɗaure ni ba na gwada.

A kaka ta uku na rufe rumfa na tafi Kwanyawa. Na same shi a gona yana tugar gyaɗa, ya rame. Na durƙusa a cikin kunya.

"Malam tela, lafiya?"

Na ce, "Baffa, na ci mutuncinka a zaurenka, a gaban surukanka. Ba don ƙasa na yi ba, so nake a ce na iya magana. Na daɗe da sani, girman kai ya hana ni zuwa. Don Allah ka yafe mini."