Kilishin da Ya Jira Sanyi

Wata Juma'a a watan Yuli, bayan la'asar, ina gidan yayana a unguwar Mu'aither, can ƙasar Larabawa, ni da shi da matarsa, aka kawo kilishin da Inna ta aiko masa daga Kano. Yaya ya ture ƙunshin gefe. Wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasar Sin ya gaya masa yaji da nama wuta suke ƙara wa jiki lokacin zafi, sai kokwamba da ruwan ɗumi.

"A ajiye min sai sanyi ya shigo," in ji shi.

"To, Likita," matarsa ta ce. "Mu jahilai mun saba da ƙonewa."

Daga ranar, kowace Juma'a nakan je duba lafiyarsa da ta kilishin. A Disamba ya buɗe ƙunshin, ya tarar da garin yaji kawai.