Sa Hannun da Injiniya Bashir Bai Yi Ba

Ina ɗakin gwaje-gwaje a jami'a da safiyar Talata, na sa safar hannu zan fara aiki, wayata ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce daga Birmingham. Ba ta yi sallama ba, ita da ba ta taɓa fara magana babu sallama ba. Ta ce, "Nasiru, Babanku ya cika ɗazu bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na cire safar, na nufi tashar jirgin ƙasa. Daga Manchester har Birmingham ban yi kuka ba. Abin da ya cika mini ƙirji fushi ne, kuma har yau da nake wannan rubutu bai sauka ba.

Injiniya Bashir Tukur ba shi ya haife ni ba. Baba Injiniya muke ce masa, mu ɗaliban arewa da muka zo karatu ƙasar nan. Na san shi a shekarata ta farko, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Hulme ta Manchester, ina karatun injiniyan sinadarai. Lokacin an riƙe mini takardar tantancewa, wadda gwamnati ke nema ga baƙin ɗalibai masu karanta fannin da za a iya karkatar da shi zuwa ƙera makamai. Na same shi a gidansa na unguwar Ladywood a Birmingham ina ta faɗa, ina cewa don sun ga sunana ne. Ya bari na gama, ya tura mini kwanon tuwo, ya ce, "Wataƙila don sunanka ne, ban musa ba. Amma abin da kake koyo, idan ya faɗa hannun mugu, gari guda zai kwana bai tashi ba. Ci abinci mu cika takardar." Muka cika ta layi bayan layi, bai bar ni na tsallake ko ɗaya ba.

Aikinsa ke nan. Yana aiki a wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, inda ake ƙera famfuna da bawul waɗanda sinadari mai ƙarfi ba ya cinye su. Duk kayan da za su fita ƙasar waje sai sun bi ta teburinsa. Shi zai duba wane ne mai saye, me zai yi da su, ko suna cikin kayan da doka ta ce sai da lasisin gwamnati. Yakan ce mana, "Famfon da ke yin takin zamani shi ne ke yin iskar guba. Ƙarfe ba shi da niyya, mai saye ne ke da ita." Wata maganar da ba ya gajiya da ita kuwa ita ce, "Sa hannu rantsuwa ce, sai dai da biro ake yin ta."

Akwai wani mutum da ba zan rubuta sunansa ba, zan kira shi Wane. Ɗan garinsu ne. Ya zo ƙasar nan ba shi da wurin kwana, Baba ya ajiye shi a falonsa wata da watanni, matarsa Hajiya Rabi na dafa masa. Baba ne ya tsaya masa har ya samu aiki a sashen ciniki na wannan masana'anta. "Yaya" yake ce wa Baba, yana rusunawa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Hukumomin gari na rufe laburare da wuraren wasan yara, masana'antu na sallamar mutane. A wajen su Baba ma aiki ya ja baya, kowa na tsoron a kira shi ofis. Ana cikin haka Wane ya kawo babban ciniki daga wani dillali a ƙetare, wai kayan na masana'antar taki ne. Baba ya bincika. Adireshin da aka bayar na wani ɗaki ne a saman shago. Masu sayen sun ƙi faɗin inda za a kafa famfunan, sun kuma ce ba sa son a turo musu wanda zai haɗa. Baba ya ce ba zai sa hannu ba sai an nemi lasisi.

Wane ya zo gida ranar wata Lahadi, ina zaune. Ya ce, "Yaya, mutum nawa za a kora idan cinikin nan ya kufce? Ni ne na farko."

Baba ya ce, "Na sani. Idan an kore ka, falon nan yana nan. Amma ban san wanda zai shaƙi abin da za a yi da kayan nan ba, kai ma ba ka sani ba."

Bayan sati biyu mahaifiyar Baba ta rasu a Kano, ya tafi. Yana zaman makoki Wane ya aika masa saƙon waya, wai akwai wata takardar gyaran inji da ta maƙale a kwamfutarsa, ya taimaka da kalmar sirri. Mutumin da ya binne uwarsa jiya, ya tura. Da ita Wane ya shiga, ya sa sunan Baba a kan cinikin, ya rubuta cewa kayan ba sa bukatar lasisi.

Allah Ya sa jami'an kwastan suka tare kayan a tashar jirgin ruwa. Baba ya dawo ya tarar ana jiransa. Aka kwashe kwamfutocin gidansa a gaban 'ya'yansa, Fatima da Sadiq. Aka yi ta kiransa tambayoyi. Wane kuwa ya shaida wa masu bincike cewa shi ɗan aike ne kawai, Injiniya ne masanin doka. Mu ma jama'armu ba mu fita ba. Waɗanda suka ci tuwon gidan nan suka riƙa canja sahu a masallaci. Wani likita ya ja ni gefe ya ce, "Kana kan tallafin karatu, ka rage zuwa Ladywood." Na rage kuwa, na yi wata uku ban je ba. Wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi.

Fasfo ɗin Baba ya nuna yana Kano ranar da aka sa hannun, don haka ba a kai shi kotu ba. Sai aka tambaye shi wa ya ba kalmar sirrinsa. Ya ce shi dai ya yi sakaci da ita. A kan sakacin masana'antar ta sallame shi, kuma babu wanda ya sake ɗaukarsa a wannan fanni. Injiniyan da ya yi shekara da shekaru yana tsare ƙasar nan daga abin kunya ya koma gadin wani kanti. Na ce masa, "Baba, saƙon yana wayarka, ka nuna musu!" Ya ce, "Yana da 'ya'ya uku, uwarsa kuma ƙawar uwata ce. Ka bar shi da Allah." Daga nan hawan jini ya kama shi. Likitansa ya canja magani, ya sake canjawa, har ɓarin jikinsa ya shanye. Wane ya samu ƙarin girma, ya ƙaura unguwar masu hali. Ko sau ɗaya bai taka asibiti ba.

Amma ya zo maƙabarta. Ya zo da babbar riga, ya shiga sahun gaba, bayan an rufe kabari ya miƙo mini hannu yana cewa, "Mun yi rashin Yaya." Na dubi hannun, na bar shi a miƙe har ya janye. Na ce, "Da wannan ka rubuta sunansa?" Mutanen da ke kusa suka ji, kuma so nake su ji.

Ranar sadakar uku Hajiya Rabi ta kira ni kicin. Ta ɗauko tsohuwar wayar Baba a naɗe cikin ɗankwali, tare da kwafin takardar da ya rubuta wa shugabanninsa yana ƙin cinikin. Ta ce, "Shi ya yafe nasa. Ni ban yafe nawa ba, ban yafe na yaran nan ba. Fatima ta yi shekara ana ce mata 'yar mai bam a makaranta. Ka san inda ake kaiwa?"

Na ce, "Na sani, Hajiya."

Washegari muka kai su wurin masu bincike, ni da ita da lauya. An sake buɗe binciken, an kira Wane, an dakatar da shi daga aiki. Dattawa biyu sun zo har Manchester suna roƙona a rufa asiri, wai ɗan uwa ne. Na tambaye su ina suke lokacin da Baba yake tsaye a ƙofar kanti cikin sanyi. Idan an kira ni shaida zan je, zan faɗi abin da na ji ranar Lahadin nan kalma bayan kalma. Na saɓa wa Baba a wannan, na sani. Haƙurinsa ban gada ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bashir, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ka ba Hajiya Rabi ƙarfin zuciya, Ka raya Fatima da Sadiq, Ka wanke sunan ubansu a idon duniya. Mu da muka gudu muka bar shi, Ka gafarta mana. Wanda kuwa ya ci amanarsa, ya Allah, kada Ka ɗauki ransa sai ya tsaya a gaban mutane ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa. Amin.