Katakon Hajiya Maiturare

A Maraɗi, in ana zancen gyaran banɗaki, sunan Issoufou ake fara kira. Amma tun da ya zo Hajji ya maƙale a Makka ba iƙama, wato takardar zama, ba wanda ya tambaye shi me hannunsa ya iya. Dako yake yi a unguwar Aziziyya, yana ɗaukar jakunkunan alhazai. Abin na cin ransa ƙwarai. Burinsa ɗaya, ya samu aiki guda da za a gani a ce, "Wa ya yi wannan?"

Hajiya Maiturare ce ta ba shi dama, wata tsohuwa 'yar Sakkwato da ke unguwar Ka'akiyya. Ta sa an tada ɗakin katako a saman gidanta, tana son banɗaki mai tayil a ciki.

"Malam Issoufou, katakon ke nan, ba ni da wani," in ji ta. "In ya yi kyau, duk unguwar nan kai za a kira."

Kai, mutumin ya yi aiki! Ya bi daɓen da ƙafa yana takawa, duk inda ya lotsa ya ƙara tokari a ƙasa, don tayil ba ya jure motsi, tsagewa yake yi. Ya ɗaure kusoshi, ya karkata daɓen kaɗan don ruwa ya gangara, ya shafe ko'ina da kwalta. Da zai yanke bakin masai ko tunani bai yi ba. Ya juya shi kudu da arewa, yadda maigidansa ya koya masa tun yana saurayi, kada mai zama ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya.

Da la'asar Hajiya ta hau duba aiki. Aka kira salla, ta shimfiɗa dadduma a waje, ta fuskanci arewa. Issoufou ya dubi dadduma, ya dubi ramin da ya yanke. A nan ai Ka'aba arewa take! Shi da kullum sahun masallaci kawai yake bi, hannunsa ya yi masa aikin Maraɗi.

Ita ba ta lura ba. Da ya yi shiru ya shimfiɗa tayil, wa zai sani? Ya jira ta sallame, ya durƙusa.

"Hajiya, na yi ɓarna. Masai ɗin alƙibla yake kallo."

"Inna lillahi! A garin Ɗakin Allah?" Ta je ta leƙa ramin. "Zai juyu?"

"Sai an ɓamɓare duka. Katakon ba zai sake moruwa ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Allah ya biya ka da ka faɗa. Khalas, shi ke nan, tattara kayanka, ɗan nan. Zan sa a kira Tijjani magini, ya sake aikin."