Gogen Injiniya Sabo

Har na yi ritaya, ranar da muka jona goge da lantarki ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen lantarki na wata masaƙa a Sharaɗa, ƙarƙashin Injiniya Sabo.

Injiniya mutum ne mai son kiɗa. Idan an tashi hutun azahar, sai ya zauna da tarkacen rediyo yana haɗa wata 'yar na'ura da za a manna a fatar goge, ta ɗauki sautin ta kai lasifika. Ya daɗe yana fama kafin ta daina ƙugi. Da za a yi walimar sallamar tsofaffin ma'aikata, ya roƙi manaja ya bari a gwada. Manaja ya yarda, amma ya ce in wani abu ya samu wani, Injiniya ya san inda ƙofa take.

Aka ɗauko Baba Tanko, wani tsohon mai goge daga Panshekara. Ni aka tsayar a bakin babban makunnin wuta. Dokar aikinmu ita ce, idan wuta ta kama mutum ba a taɓa shi, sai an fara yanke ta.

Baba ya ja izga a kan gogen sau ɗaya. Sautin ya cika zauren har tagogi suka amsa. Sai ya yar da gogen, ya faɗo daga kujera, bai motsa ba. Nan take na yanke wuta. Injiniya ya durƙusa yana laluba wuyansa, gumi ya jiƙa masa riga.

Can Baba ya buɗe ido. Injiniya ya ce, "Baba, wuta ce ta ja ku?"

Ya ce, "Wace wuta? Tun ina saurayi nake tare da gogen nan, bai taɓa daka mini tsawa ba sai yau."

Aka yi ta dariya, wasu har da hawaye. Injiniya bai yi ba. Ya sake auna kowace waya, ya mayar da na'urar kan batir, ya rungume gogen a ƙirjinsa don ya fara gwadawa a jikinsa, sannan ya miƙa wa Baba. Baba ya ce a rage murya, ya yi kiɗa har la'asar.

Ku da kuke fara wannan aiki, ku riƙe wannan: abin da kuka ƙera, jikin mutum zai taɓa. Ku fara gwada shi a jikinku.