Kwandon Banda daga Warra

A wani ƙauye kusa da Warra na tashi, a bakin tafki. Baba masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama. Inna kuwa bandar kifi take yi a bayan gida, har zannuwanmu duka suka ɗauki ƙanshin hayaƙi.

Sau ɗaya a shekara Baba yake kai haraji wurin mai unguwa, bayan kaka. Kafin ranar, ba ya sakin fuska. Amma da ya dawo, sai ya rataye hularsa, ya ce wa Inna abin da ya rage yanzu namu ne. A ranar ba a sayar da giwan ruwan da ya kama, tukunya yake shiga. Ranar kasuwa kuma mu shiga jirgin ruwa zuwa Yelwa, Inna ta zaɓi atamfa, mu yara a saya mana takalman roba da alewa. Da wannan ragowar Baba ya rufe ɗakunanmu da kwano, ɗaya bayan ɗaya, har ya aurar da yayata ba tare da ya sayar da komarsa ta kamun kifi ba.

Da na gama karatu, na samu aikin koyarwa a Yelwa, na auri wani mai kabu-kabu. Shekarun farko albashina yana isarmu har da saura. Da shi na saya wa Inna katifa, ta yi ta kiran maƙwabta su zo su danna. Daga baya aka yi ta ƙara albashin, amma yana zuwa an riga an cire haraji da na fansho, abin da ya rage kuma ba ya kai mu tsakiyar wata. Maigidana ma kullum sai ya yanki tikiti ya sha mai kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta zo a duba mata ido, ta zauna wurinmu. Wata rana ta ga ina gutsuttsura karfasa guda a miya don kowane yaro ya samu.

"Ɗiyata," ta ce, "ba an ce an ƙara muku albashi ba? Ina yaka zuwa?"

Na yi mata bayani yadda zan iya. Ta girgiza kai, ta ce su dai a zamaninsu sai sun riƙe abinsu a hannu kafin su ba hukuma nata. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, direban jirgin garinmu ya aiko a kira ni bakin ruwa. Ya miƙo mini kwando rufe da tsohon zane, cike da bandar tarwaɗa, ya ce saƙon Inna ne. Na san ƙanena ne yake fita su yanzu, kuma kifi ya yi ƙaranci a tafkin, don haka na aika mata cewa ta daina, ta sayar ta yi cefane. Ta aiko da amsa cewa ba ni take aika wa ba, jikokinta ne.

Har yanzu kwandon yana zuwa. Wani makon ya cika, wani makon ƙananan kifaye ne a ƙasansa. Ina tashi daga makaranta na bi ta bakin ruwa na karɓa, na mayar da na makon jiya da ɗan sabulu da gishiri a ciki.