Wankin Ciki

Har furfura ta fara leƙowa a gefen kunnena, dangin mijina ba su daina kirana Amarya ba. Ba so ne ya kawo sunan ba. A wurinmu mace tana cin sunan ɗanta na fari ne, a ce Maman wane, ni kuwa babu wanen da za a jingina ni da shi. Kullum ina aji a wata firamare a Samaru ina share majinar 'ya'yan mutane, in dawo gida in tarar da ɗaki yadda na bar shi.

Wadda ta fi kowa jan sunan ita ce yayar mijina. Robobi take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ita ce kuma shugabar zumuntar mata a cocinmu. Tunda Allah ya ba ta 'ya'ya rututu ba tare da ta taɓa tambayar kanta yadda aka yi ba, sai ta ɗauka ta gama karatun likita. Magani ɗaya ta sani a duniya, wato wankin ciki. Ciwon kai, ƙuraje, yaro ya faɗi jarrabawa, duk datti ne a ciki. Ban taɓa ganin jahilci mai cikakkiyar lafiya irin nata ba.

Bayan mun gaji da yawo, muka dangana da wani asibiti a Kaduna inda ake haɗa ƙwan mace da na namiji a waje, sannan a mayar a mahaifa. Na sha allurai har cinyata ta yi tauri. Da aka gama tattarawa, ƙwai ɗaya tak ya yi kyau, aka adana shi sai jikina ya shirya. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce a shekaruna da wuya a sake samun wani.

Ita ce ta tambaye ni ko ina yawan shan kafso daga kemis. Na ce duk sanda cikina ya murɗa. Ta ce in daina. Akwai wasu ƙananan halittu a hanjin kowa, in ji ta, da yawansu masu amfani ne, kuma masu bincike suna zaton suna da hannu a sha'anin haihuwa, ko da yake ba a tabbatar ba tukuna. Kafso barkatai da maganin da ke sa zawo suna kashe su. Ta ce in riƙa shan kindirmo, in ci wake da ganye, in bar hanjina ya zauna lafiya.

Da na zo maimaita wa maigidan, sai na rasa sunan da zan ba halittun nan, na ce ƙwayoyin cuta, don shi kaɗai muke da shi. Hanjin ma ban ce hanji ba, na ce ciki. Shi kuma bawan Allah, magana ba ta kwana a bakinsa in dai yayarsa tana da waya. Kafin Lahadi labari ya gama Sabon Gari cewa likita ta gano ƙwayoyin cuta a cikin Amarya, su ke cinye 'ya'yan.

Aka tsayar da ni a tsakiyar zumunta, mata suka ɗora mini hannuwa masu warin manja suna umartar tsutsa ta fita. Na yi ƙoƙarin bayani, na ce masu amfani ne, so ake su yawaita. Yaya ta dubi matan ta ce, "Kun ji boko ko? Wai cuta mai amfani." Suka kwashe da dariya. Na raina su ranar, kuma har yau ban sami dalilin dainawa ba.

Aka mayar mini da ƙwan, aka ce in koma gida in huta, in jira ranar gwaji. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da faranti cike da miya. Ko tsintsiya ban taɓa ba.

Ana cikin jiran nan, wata safiya sai ga Yaya ta sauka daga Keke mai ƙafa uku da fulas a hannu. Ta zauna a bakin gadona, ta taɓa goshina, ta ce, "Sannu ƙanwata. Kunun tsamiya na dama miki, sha da zafinsa." Ba ta taɓa ce mini ƙanwata ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ji ɗan bauri a kunun, na ce ko tsamiyar ce ta yi yawa, na shanye kofi biyu don kada ta ji babu daɗi.

Kafin azahar na san hanyar banɗaki fiye da hanyar ɗakina. Cikina yana murɗawa, ina riƙe bango, ina kiran sunan Yesu. Yaya tana zaune a falo tana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Yaya, me kika sa a kunun nan?"

Ta ce, "Filasko ne kawai, ganyen da iyayenmu suke wanke ciki da shi. Wa yake shuka a gonar da ba a share ba? Su likitocinku sun ga cuta sun bar ta, ni ba zan zuba ido ƙanena ya mutu ba magaji ba."

Ranar gwaji ta zo, aka ce babu. Na faɗa wa likitar komai. Ta ce gaskiya ba za ta iya cewa filaskon ne ba, don sau da yawa ƙwai yakan ƙi kamawa ko ba a yi komai ba. Na san gaskiyarta ta faɗa. Amma maigidan ya cafe maganar tun kafin ta rufe baki, ya riƙa juya ta a mota har muka wuce Palladan: "Kin ji ko, ba laifin Yaya ba ne. Da kyakkyawar niyya ta yi." Na dubi ƙeyar direba na ƙyale maigidan. Namijin da ke tsoron yayarsa fiye da yadda yake son ɗansa, me zan ce masa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan taɓa sani ba. Da an ce ita ce, da na tsane ta na huta. Da an ce ba ita ba ce, da na yi kukana na bar wa Allah.

Lahadin da ta biyo baya, bayan sujada, ta tare ni a ƙofar coci cikin anko na zumunta, matanta suna kewaye da ita. Ta kama hannuna, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji aikin da ta yi.

"Amarya, ya jiki? Cikin dai ya wanku ko?"

Na zare hannuna. Na ce, "Ya wanku tas, Yaya. Babu abin da ya rage a ciki."

Ta juya wajen matan tana murmushi, ta ce, "Kun ji ko? Mun gode wa Allah."