Ƙibar Inna a Gefen Hoto

Shekara ashirin ke nan Mai Hoto yana ɗaukar ɗakunan gidajen sayarwa. Gilashin kyamararsa mai faɗi ne, yakan mayar da ɗan falo fili guda, amma duk abin da ke gefe sai ya kumbura, bango ya lanƙwashe. Kullum yana kan kwamfuta yana miƙar da bango, 'ya'yansa na kallo.

Ranar da ya tara iyalinsa a falo don hoto, kowa ya cusa kai tsakiya, ba mai son kumbura. Sai mahaifiyarsa, siririya kamar tsinke, ta dogara sanda ta koma can gefe.

"Ɗauka, ɗan nan," in ji ta. "Kuma kada ka kuskura ka gyara. Shekara saba'in ina neman ƙiba!"